Jan Turke a Lambun Baffa Maje

Gyadi-Gyadi, Kano
5 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Huraira Ashiru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da kunnen hagu, wanda ya ajiye aiki tun bara. Na dama yana ji, amma ba kowace magana ba. Ni ne Baffanki Maje, yayan ubanki, idan kin tuna kina da shi. Maƙwabcina Malam Lawan tela ne ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na rantsar da shi ba zai gyara mini magana ba.

Rabona da ke tun sadakar arba'in ta ubanki, shekara uku ke nan. Ban ce komai ba. Da matata, Innarki Zainab, ta rasu kika yi ta'aziyya ta waya, nan ma ban ce komai ba. Yau ma ba wannan ya sa na aiko ba.

Lambuna na fadamar bayan Darmanawa ake so a ƙwace. Ranar Talata na je duba bakin rijiya kada ruwa ya zaftare shi, sai na tarar da mutane suna kafa turaku masu jan fenti tun daga nawa har na sauran mutum bakwai da muke noma tare. Shugabansu yana tsaye can kan tudu da farin takalmi, wai shi Malam Abdulmalik.

Na ce, "Malam, wa ya mutu ake rabon gado?"

Ya ce, "Baba, daga Hukumar Raya Noma da Arzikin Ƙasa muke."

Na ce, "Sannunku da zuwa. Ga noma nan, ku raya."

Ya ce ai abin da ya kawo su ke nan, babu noma a wurin. Wai an zo bara, an zo bana, ba a tarar da ko ganye ɗaya ba, don haka hukuma za ta karɓi filinta ta ba wa kamfanin da zai yi rumfar leda ta tumatir. Na ce wane wata kuka zo? Ya buɗe takarda ya ce Agusta. Huraira, sai da na dafa turken nasu saboda dariya. A Agusta ruwa yana kai wa mutum cinya a fadamar nan, kwaɗi ne kaɗai ke aiki a cikinta. Mu 'yan rani ne. Sai ruwa ya janye a farkon Nuwamba muke shiga, mu yi salak da albasa da karas har zafi ya ƙare. Na gaya masa haka. Ya ce shi bai musa ba, amma abin da ke cikin fayil shi ne ke cikin fayil. Ya miƙo mini takarda, ga ta nan na sa miki a ciki.

Ki san yadda na zo fadamar nan, don ban sani ba ko an taɓa gaya miki. Gonar ubanmu tana Tarauni. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce ubanki Ashiru, Allah ya jiƙansa, ya zo mini da takarda daga ofis ya ce, "Yaya, dangwala nan, ba wani abu ba ne." Na dangwala. Yau inda dawarmu take tsayawa gidaje ne da gidan mai. Fadamar nan ita aka ba ni a madadinta, fangali talatin da rijiyar da na haƙa da hannuna. Shi aka kai boko, ni aka bari da fartanya, kuma har ya koma ga Allah bai zaunar da ni ya karanta mini abin da na dangwala ba. Tun ranar na rantse yatsana ba zai sake taɓa tawada ba.

An ce ke lauya ce, har ana kiranki Barista. To ki karanta ki gaya mini abu ɗaya: suna da ikon nan ko ba su da shi? Kada ki kira ni a waya, maganar ƙasa ba a yin ta a iska. Ki rubuto ki ba Shehu direba, mai kawo muku albasa, shi zai kawo miki wannan.

Baffanki,
Maje


Fatakwal
12 ga Satumba

Zuwa ga Baffa Maje.

Wa alaikumus salam. Baffa, ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa gwiwa da kunne. Yara suna gaishe ka. Maganar rashin zuwana gaskiyarka ce, ba ni da abin cewa sai dai ka yafe mini.

Ka ce in ba ka amsa ɗaya, kuma ba zan yi maka ƙarya don ranka ya yi sanyi ba. Suna da iko. A yadda takardar ta nuna, fadamar tana hannun hukumar ne tun asali, ku kuma aro aka ba ku don ku noma. Dokar da ta kafa su ta ba su damar shiga, da aunawa, da karɓe filin da aka bari shekara biyu a jere ba a noma ba, su ba wa wani.

Amma duk dokar da ta ba hukuma iko tana gindaya mata sharuɗɗa, kuma a nan nake sa ran samun hanya. Ba ni da cikakkiyar dokar a hannu. Na roƙi wata abokiyar karatuna da ke Kano ta turo mini, zan zauna in bi ta sashe-sashe.

Roƙona ɗaya ne, Baffa. Kada ka je ofishinsu, kada ka aika kowa, sai wasiƙata ta gaba ta iso. An ba ku kwana sittin, akwai sauran lokaci.

'Yarka,
Huraira


Fatakwal
17 ga Satumba

Zuwa ga Baffa Maje.

Assalamu alaikum. Baffa, ina fata ka tashi lafiya. Dokar ta zo, na karanta ta sau uku, kuma akwai hanya. Malam Lawan, don Allah ka karanta masa wannan a hankali, ta wajen kunnen dama.

Kana da ikon yin ƙorafi cikin kwana sittin daga ranar da aka ba ka takarda. Ba sai ka dangwala yatsa ba, doka ta ce a rubuce ko da baki a gaban shaidu biyu. Da zarar ka yi ƙorafi, tilas ne su aiko jami'i ya sake duba filin cikin kwana ashirin da ɗaya. Idan ya tarar da shuka a tsaye, ba su da ikon karɓa.

Ga inda hatsarin yake. Sau ɗaya tak ake sake dubawa, kuma abin da idon jami'in ya gani ranar shi ne hujja. Ba ya karɓar labarin bara, ba ya karɓar rantsuwa. Idan ka yi ƙorafi a wannan watan, za su zo a Oktoba ruwa yana kwance, su rubuta a karo na uku cewa babu noma, kuma wannan karon da gayyatarka suka zo.

Kai ka ce ruwa yana janyewa a farkon Nuwamba. Kwana sittin ɗinka suna cika ranar Asabar, ɗaya ga Nuwamba, ofis kuwa ba ya buɗewa Asabar. Saboda haka ranar Juma'a, talatin da ɗaya ga Oktoba, da safe kafin masallaci, ita ce ranarka. Abokiyar tawa ta ce hukumar nan ba ta taɓa zuwa kafin kwanakin su kusa ƙarewa. Ka ga za su zo wajen ashirin ga Nuwamba, lokacin da ka yi dashe, fangali talatin suna kore.

Kafin ranar ka yafa irinka a kan tudu yadda ka saba, ka bar turakunsu inda suke. Aikinmu yanzu jira ne, Baffa. Na san ba shi ne abin da ka fi so ba.

Na ba Shehu wannan hannu da hannu, ya ce gobe zai taso.

'Yarka,
Huraira


Gyadi-Gyadi, Kano
24 ga Satumba

Zuwa ga Barista Huraira.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta kai ni inda nake son zuwa, ta dawo da ni, ba ta nemi izinin kowa ba.

Wasiƙarki ta sha biyu ga wata ta iso, na sa an karanta mini. Aro kika ce. Shekara arba'in da ɗaya ina zuba taki a ƙasar nan, na haƙa rijiya gaba shida, na binne ƙarfina a ciki, 'yar ƙanena ta zauna a Fatakwal ƙarƙashin fanka ta ce aro ne. Ko mai farin takalmi bai faɗi wannan kalmar a gabana ba.

Sannan kika ce in jira wasiƙa. Na jira. Kullum sai Lawan ya leƙa wajen masu albasa, babu Shehu babu labarinsa. Ranar Lahadi kika kira wayar Lawan, ya zo yana miƙo mini ita kamar garwashi, na ce ya mayar da ita aljihu. Ya ce kin ce in ƙara haƙuri, bayani yana cikin wasiƙa, akwai maganar kwanaki. Na ce na san maganar kwanaki. Haka ubanki ya ce mini lokacin Tarauni: "Yaya, ka jira, ina bin maganar." Ina jira aka kawo bulo. Na gane yadda 'yan boko kuke yi, ba kwa ce wa mutum a'a, sai ku ce ya jira har wa'adi ya cika, sannan ku zo ku taya shi jimami.

To jiya Talata na hau adaidaita na tafi ofishinsu da ke Tarauni da ƙafata. Lawan ya biyo ni yana ta magiya har bakin ƙofa. Wata mai rubutu a teburin farko ta ce in kawo ƙorafina a rubuce, ko in dangwala a fom. Na ɗaga mata babban yatsana na ce, "'Yata, wannan ya yi ritaya kafin a haife ki." Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Ana cikin haka Malam Abdulmalik ya fito, ya gane ni, ya ce a bar Baba ya faɗa da baki, doka ta yarda. Ashe doka ta yarda! Wannan ba ki gaya mini ba.

Na tsaya a tsakiyar ofis na faɗi komai, tun daga gonar Tarauni har kwaɗin Agusta. Lawan da wani masinja suka zama shaidu. Kafin ya sa hannu, Malam Abdulmalik ya ajiye biro ya dube ni.

Ya ce, "Baba, ka tabbata yau kake so a rubuta? Kana da sauran kwana kusan arba'in fa. Ka je gida ka yi shawara."

Na ce, "Kai ma bakinku ɗaya da ita?"

Ya ce, "Da wa?"

Na ce, "Rubuta kawai."

Ya girgiza kai ya rubuta. Za su zo su sake duba lambun ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba. Abin da kika ce in jira wata biyu a kansa, na gama shi tsakanin hantsi da azahar, ban san bihim ba. Idan sun zo zan nuna musu rijiya, in nuna musu shatin fangali a ƙarƙashin ruwa, in kira duk Darmanawa su faɗi salak ɗin wa suke ci da azumi.

Ba sai kin wahalar da kanki da wata wasiƙa ba.

Maje

Huraira, ni ne Lawan. Wannan layin bai san na ƙara ba. Ban gane duk abin da kika faɗa a waya ba, amma fuskar jami'in nan ba ta yi mini daɗi ba. Zan kira ki in na fita.


Fatakwal
25 ga Satumba

Zuwa ga Baffa Maje.

Assalamu alaikum. Baffa, ina gaisuwa. Malam Lawan ya gaya mini ka je ofis. Na bincika, motar Shehu ta lalace a hanya tun ranar sha tara, wasiƙata tana aljihunsa. Wannan ta motar fasinja na aiko ta.

Ka yi gaggawa, Baffa, kuma ƙorafin da aka rubuta ba ya janyuwa. Ranar sha huɗu ba za su kalli rijiya ba, ba za su saurari mutanen Darmanawa ba. Shuka za su nema.

Saura abu ɗaya. Doka ta ba su ikon raba fili. Inda jami'i ya tarar da shuka a wani sashe, wannan sashen ya tsira, sauran su ɗauka. Ni ban san abin da zai iya tsayawa a cikin ruwa cikin kwana goma sha bakwai da za su rage maka idan wasiƙar nan ta iso ba. Wannan karatunka ne, ba nawa ba. Duk taƙin da ka iya shukawa naka ne, ka zaɓi inda ya fi maka amfani.

Sauran mutum bakwai kuma, don Allah a gaya musu yau: kada wanda ya je ofis sai Juma'a, talatin da ɗaya ga Oktoba. Su har yanzu hanyarsu a buɗe take.

Kalmar aro ta doka ce, ba tawa ba. Lokacin takardar Tarauni kuwa ba a haife ni ba. Ba zan kare Babana a kan abin da ban gani ba, amma ni duk abin da na karanta sai na gaya maka, mai daɗi da marar daɗi.

'Yarka,
Huraira


Gyadi-Gyadi, Kano
8 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Huraira.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ƙafafuna sun tsage da zaman ruwa, bayana kuma ba ya miƙewa sai na dafa bango. Ban da wannan, alhamdu lillahi.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, ta Shehu da ta motar fasinja. Lawan ya karanta, na ce ya sake. Ya sake. Ban ce na yi kuskure ba, Lawan, kada ka rubuta haka. Cewa na yi da Shehu yana duba motarsa kafin ya ɗora mata kaya, da ba mu zo nan ba.

Saƙonki na mutum bakwai shi ya fi mini nauyi, don babbansu Audu mai karas ne, kuma shekara shida ba ma gaisawa tun da ya karkatar da hanyar ruwa ta bi ta kan albasata. Amma na je. Na same shi a kan tudu yana yafa iri.

Ya ce, "Ikon Allah. Maje, ɓatan hanya ka yi?"

Na ce, "Ba wajenka na zo ba, saƙon lauya na kawo. Ta ce kada ku je ofis sai talatin da ɗaya ga Oktoba."

Ya ce, "Mu da muka shirya gobe za mu bi sawunka? An ce ka tsaya a tsakiyar ofis ka yi musu huɗuba."

Na zauna na yi masa bayanin kwanakin nan kamar ni na rubuta dokar. Sai ya ce, "To kai fa?" Na ce ni nawa ya riga ya wuce, sai abin da na iya tsayarwa kafin sha huɗu. Ya ce, "A cikin wannan ruwan? Kai dai har ka mutu ba za ka yi abu irin na mutane ba." Na tashi zan tafi. Ya ce, "Zauna, tsohon banza. Baro nawa gare ka?"

Washegari suka yi mini gayya, su bakwai da iyalansu. Dabarar ita ce mu ɗebo ƙasa daga tudu mu tayar da kowane fangali ya fi ruwa tsawo da kamu ɗaya, mu tare gefensa da buhunan yashi. Audu ya ce mu fara daga gefen tudu, inda ruwa bai kai ƙauri ba, za mu iya yin ashirin. Na ce a'a, daga rijiya za mu fara. Suka ce nan ne ya fi zurfi, abin da baro uku zai yi a can, sai goma a nan. Na ce na sani. Fangali ashirin babu rijiya, zuwa Janairu ƙura ce. Kin ce in zaɓi inda ya fi amfani, na zaɓa. Muka kewaye rijiyar gabas da yamma, kudu da arewa, ta zauna a tsakiya.

Na yafa alayyafo, don shi ne ba ya ɓata lokaci, kwana huɗu ya tsiro. Audu kuma ya tumɓuke rabin renon salak ɗinsa ya kawo aka dasa, yana yi yana cewa ba don ni ya yi ba, don lauya ya yi.

Mun kai goma sha huɗu, sai ranar Lahadi aka yi ruwan da ba wanda ya zata, ya kwashe biyar. Na tsaya ina kallon alayyafona yana iyo. Jiya mun tayar da biyu daga ciki. Saura kwana shida. Baro ɗaya ya karye, muna ɗauka da kwano a ka. Gobe da asuba zan koma.

Baffanki,
Maje


Gyadi-Gyadi, Kano
24 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Huraira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Ƙafa ta warke. Na san Lawan ya riga ya tsegunta miki ta waya, amma abin da ba a rubuta ba ba a faɗa ba. Na yi shirun mako shida ne don bakina ya ƙi ɗaukar maganar.

Ranar sha huɗu ga Oktoba suka zo. Wannan karon Malam Abdulmalik da takalmin roba ya zo, ya shiga ruwa har gwiwa, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana taɓa ganye. Goma sha ɗaya ya ƙirga. Mai awon da ke tare da shi ya ce rijiya ba shuka ba ce, a fitar da ita. Na ce, "To ɗauke ta ka fitar, amma kada ka taka mini alayyafo." Malam Abdulmalik ya duba gabas ya duba yamma, ko'ina kore ne, ya ce a ja layi ta bayan shukar, abin da ke ciki na ciki ne. Da za su tafi ya matso wajen kunnena na dama ya ce, "Baba, da ka ji shawara ranar nan, da duka zan rubuta maka." Na ce masa ruwa yana shiga takalminsa.

Goma sha tara sun tafi. A cikinsu akwai gefen tudu inda ƙasa ta fi laushi, inda Innarki take zama tana ɗaure salak.

Su Audu sun yi yadda kika ce. Ranar Juma'ar suka tafi su bakwai a adaidaita biyu, ni na raka su don in nuna musu ƙofa. Ranar ashirin da ɗaya ga wannan wata aka zo duba nasu, ruwa ya janye, dashe ya kama, ko taƙi ɗaya ba a taɓa musu ba. Audu ya ce in gaya miki buhun karas ɗinki yana nan zuwa. Ya kuma ce duk fadamar nan mutum ɗaya ne yake da lauya a gida, kuma shi kaɗai aka yanka. Na bar shi ya yi dariyarsa, don ƙasar tudunsa ce a ƙarƙashin salak ɗina.

Abin da kika rubuto ranar sha bakwai ga Satumba daidai ne, harafi da harafi. Na faɗa, Lawan ya rubuta, ba zan sake faɗa ba.

Yanzu ga abin da nake so. Ranar uku ga Nuwamba hukuma ta zo ta ja waya ta kewaye goma sha taran nan, ta kafa allo da sunan kamfani. Tun ranar ban ga kowa ba. Ƙasa ta sha iska, ta yi daidai dashe, tana nan kwance ciyawa tana cinye ta, ni ina ban ruwa ta wannan gefen ina kallo. Mai gadinsu ya ce kuɗin rumfar bai fito ba, wataƙila baɗi.

Ki buɗe dokar nan ki duba mini. Maganar shekara biyu a jere ba noma, Maje kaɗai ta sani, ko har da kamfani? Idan har da su, wa ake kai wa ƙorafi, kuma wanda aka karɓe daga hannunsa yana da ikon ya nema a mayar masa? Ki bi ta a hankali, ba na sauri. Na sa Lawan ya rubuta ranar da aka ja wayar a bangon shagonsa, kuma duk ranar ɗaya ga wata zan kira mutum biyu su leƙa su shaida babu shuka.

Shekarata saba'in da huɗu. Biyu ba za su gagare ni ba, in Allah ya yarda. Ke za ki faɗi ranar zuwa ofis, kuma ko da kwana ɗaya ba zan riga ta ba.

Baffanki,
Maje